IN KA MIƘE A GABAN TARO: YADDA ZA KA YI MAGANA A JI KA

Bayan kakar bara waccan mun halarci taron shekara na wata ƙungiyar gama kai ta manoma a wani ƙauye. An taru a ɗakin makaranta. Ɗaki ya cika, mata da goyo a baya, samari suna leƙe ta taga. Da aka zo kan batun kuɗi sai ma'aji ya miƙe da littafinsa. Mutumin kirki ne, mun san shi. Mun kuma duba littafin nan da idonmu, ko kwabo bai salwanta ba. Amma da ya miƙe sai ya kafa ido a takarda, ya shiga karanto lambobi ɗaya bayan ɗaya, murya can ƙasa, hannu yana rawa. Na baya ba su ji ba. Na gaba sun ji, amma ba su gane ba. Wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, yanzu nawa ya rage a asusu?" Sai ya daburce, ya yi ta juya shafi. Nan da nan gunaguni ya tashi. Kafin damina ta zagayo mutane da dama sun daina zubi, wai ba su yarda da hannun da ke riƙe da kuɗi ba.

Kuɗi suna nan, gaskiya tana nan, rashin iya faɗa kaɗai ya jawo wannan hasara. Shi ya sa muka ga ya kamata a wannan fitowa mu ajiye zancen iri da taki, mu yi magana a kan magana ita kanta.

Ƙungiya da baki take tafiya

Irin ƙungiyar da muke yi ta samo tsarinta daga wani gari da ake kira Rochdale a Ingila. A 1844 mutum 28, da yawansu masaƙa, suka haɗa ɗan abin hannunsu suka buɗe kanti nasu na kansu. Cikin dokokin da suka kafa akwai wadda har yau muke bi, watau kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi, ko mai shanun noma ne, ko mai fartanya ɗaya. To, inda kuɗi ba su yanke shawara, me ke yanke ta? Magana ce. Wanda ya iya bayyana ra'ayinsa shi mutane za su bi. In masu gaskiya da sanin aiki suka yi shiru domin kunya, sai mai baki ya ja ƙungiya inda yake so, ko da rami ne.

Saboda haka wannan darasi ba na shugaba da magatakarda kaɗai ba ne. Na kowa ne, mace da namiji, yaro da babba. Wata rana kai ne za ka tsaya ka roƙi a gyara rijiya, ko ka ƙi yarda da bashin da kake ganin zai karya ƙungiya.

Tsoro ba abin kunya ba ne

Kusan kowa, in ya miƙe a gaban jama'a, gabansa yakan faɗi, bakinsa ya bushe, gwiwa ta yi sanyi. Haka jikin ɗan adam yake, ba alamar wauta ba ce. A ƙasar Girka, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, an yi wani mutum a birnin Atina mai suna Demosthenes. Ubansa ya mutu yana ɗan shekara 7, waɗanda aka ba riƙon gādo kuwa suka cinye dukiyar. Da ya girma ya so ya kai su ƙara, a wurinsu kuwa mai ƙara shi ke tsayawa ya yi wa kansa magana a gaban masu shari'a. Ga shi muryarsa ba ƙarfi, harshensa kuma yana sarƙewa. Marubutan dā sun ba da labari cewa yakan sa 'yan tsakuwa a baki ya yi ta maimaita magana, yakan kuma yi jawabi yana hawan tudu domin numfashinsa ya yi tsawo. Daga baya shi ne ya zama gwanin jawabi na Girka duka.

Ba mu ce ku cika baki da tsakuwa ba. Abin lura shi ne, iya magana sana'a ce kamar riƙon garma. Ba a haifi kowa da ita ba, yau da gobe ke sa a iya. Ga abin da ke rage tsoro. Ka san kalmominka na farko sarai, har ka iya faɗinsu ko daga barci aka tashe ka, gama minti na farko shi ne mai wuya. Kafin ka buɗe baki ka ja numfashi a hankali sau 2 ko 3. Ka sha ruwa kaɗan. Ka nemi fuskar wani aboki a cikin taron ka fara da dubansa. Ka kuma tuna, mutanen nan maƙwabtanka ne, yawancinsu so suke ka yi kyau.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yawancin jawabin da ke lalacewa tun a gida ya lalace. Kwana 2 ko 3 kafin taro ka zauna ka amsa wa kanka tambaya uku.

Ta fari, me nake so mutanen nan su yi bayan na zauna? Ka amsa da magana ɗaya tak. Misali, "Ina so mu haɗa kuɗi mu sayi taki tun rani, kafin ya yi tsada." In ba ka iya faɗin nufinka cikin numfashi ɗaya ba, kai kanka ba ka gama tunani ba tukuna.

Ta biyu, su wane ne za su ji ni? Maganar da za ka yi wa dattawa daban take da wadda za ka yi wa samari. Me suka riga suka sani? Me suke tsoro? In an taɓa haɗa kuɗi a ƙauyen aka cuce su, wannan ciwo yana zuciyarsu ko ba su faɗa ba. Gara kai ka fara taɓo shi, ka nuna abin da zai hana a sake.

Ta uku, waɗanne dalilai zan kawo? Tukunya a kan duwatsu uku take zama. Dalili uku masu ƙarfi sun isa. In ka kawo 10, mutane za su manta da 9, kuma wanda ya fi rauni shi mai gardama zai kama.

In ka iya rubutu, kada ka rubuta jawabin duka domin ka karanta. Mai karanta takarda idonsa yana ƙasa, muryarsa kuma tana bin idonsa. Ka sami 'yar takarda kamar tafin hannu, ka rubuta kan magana kawai, kalma biyu ko uku ga kowane dalili, da lambobin da bai kamata a yi kuskure a kansu ba. In ba ka yi makaranta ba, wannan bai hana ka kome ba. Ka ɗora kowane dalili a kan yatsa ɗaya, ko ka sa ƙwayar masara uku a aljihu, kana gama ɗaya kana mai da ita ɗaya aljihun.

Sa'an nan ka gwada da ƙarfi, ba a zuci ba. A gona, ko a kan hanyar kasuwa, ka faɗe shi da baki tun daga farko har ƙarshe. Ka faɗa wa matarka ko mijinki, ko ƙaninka, ka ce ya maimaita maka abin da ya ji. In abin da ya maimaita ba shi kake nufi ba, da sauran gyara.

Halinka yakan riga bakinka isa

Wani masani na Girka, Aristotle, ya rubuta littafi a kan jawabi, ya ce abu uku ke sa mutane su yarda da mai magana: halin mai maganar, da abin da maganar ta taɓa a zuciyar masu ji, da ƙarfin hujjar kanta. A ƙauye na farkon nan ya fi nauyi, domin kowa ya san kowa. Wanda bai biya bashin bara ba, in ya miƙe yana gargaɗi a kan biyan bashi, dariya za a yi masa. Wanda gonarsa ta cika da ƙuduji ba shi ne zai koya wa mutane maganin ƙuduji ba. Ka yi magana a kan abin da ka gwada da hannunka. In kuwa ka gwada abin bai yi ba, ka faɗi wannan ma. Manomi ya fi yarda da wanda ya ce, "Shekarar farko na yi kuskure kaza," da wanda kome nasa daidai ne.

Gaisuwa da buɗe magana

Gaisuwa wajibi ce, ba mu ce a bar ta ba. Ka gai da shugaban taro, da mai gari in yana nan, da dattawa, da iyaye mata, da sauran jama'a. Amma a yi ta a taƙaice. In mutum biyar sun riga ka magana, kowa ya jera sunayen manya, ba sai ka sake jerawa ba. Ka ce, "Shugaba, iyayenmu, 'yan'uwa, ina gaishe ku duka," ka wuce.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu rage. Mutum yakan fara da cewa, "Ni dai ban iya magana ba, ban ma shirya ba, ku yi haƙuri da ni." Tawali'u yake nufi, amma ya riga ya gaya wa mutane kada su saurara. Maimakon haka ka faɗi inda ka dosa. "Na tashi ne a kan zancen rumbun ƙungiya. Ina da abu uku, ba zan daɗe ba." Mai tafiya in ya san nisan hanya ba ya saurin gajiya.

A gajarta

Ranar 19 ga Nuwamba 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa a Amurka, aka taru a wani wuri mai suna Gettysburg domin a keɓe maƙabartar sojojin da suka mutu a can. Babban mai jawabi, Edward Everett, ya yi wajen sa'a 2 yana magana. Bayansa Shugaban Ƙasa Abraham Lincoln ya miƙe ya yi nasa cikin minti 2 ko sama kaɗan, kalmomi wajen 270. Kashegari Everett da kansa ya rubuta wa Lincoln yana cewa da ma shi cikin sa'a biyunsa ya kai ga zuciyar zancen kamar yadda Lincoln ya kai cikin minti biyu. Har yau gajeren ne 'yan makaranta suke haddacewa, dogon kuwa sai masu binciken tarihi.

Mutanen da ke zaune gabanka sun baro aiki. Wata ta bar tukunya a wuta, wani bai shayar da shanu ba. In ra'ayi za ka bayar a kan batun da ake tattaunawa, minti 3 sun isa. In rahoto ne, minti 10. In koyarwa ce mai tsawo, ka yanka ta gida-gida, ka tsaya a yi tambaya a tsakani. Ka lura da alamu. In ka ga ana hamma, ana duban rana, na bakin ƙofa suna sulalewa, to lokaci ya yi, ko da ba ka gama abin da ka shirya ba. Ka tsallake zuwa ƙarshe.

Murya da ido da tsayuwa

Tsofaffinmu da suka ji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a rediyo ba su manta da muryarsa ba. Malamin makaranta ne daga ƙasar Bauchi kafin ya zama Firayim Minista. Shi ya yi jawabi a Legas ranar 1 ga Oktoba 1960 da Nijeriya ta sami 'yancin kai, ya kuma yi wani a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga wannan wata. An yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Wanda ya saurari faifan jawabinsa zai lura ba ya ihu, ba ya kuma sauri. Kowace kalma tana fita cikakkiya, yana kuma tsayawa tsakanin magana da magana.

Wannan kowa zai iya koya. Tsoro yakan sa mutum sauri, saboda haka ka yi magana a hankali fiye da yadda kake jin ya kamata. In ka faɗi abu mai muhimmanci ka yi shiru kaɗan, kamar yadda mai ban ruwa yake jira ƙasa ta shanye kafin ya ƙara. Ka zaɓi mutumin da ya fi kowa nisa, ka yi magana kamar da shi kake. In a waje ake taro, ƙarƙashin itace, ka tsaya inda iska za ta kai muryarka wajen mutane, kuma kada rana ta haske musu ido. In akwai lasifika, kada ka manna baki a jikinta, kada kuma ka yi ihu a ciki, aikinta ke nan ta ɗaga murya.

Ka tsaya a kan ƙafa biyu, kada ka jingina da bango ko ka yi ta wasa da hula. A al'adarmu yaro ba ya ƙura wa babba ido, wannan kuwa daidai ne. Amma sunkuyar da kai ƙasa yana kashe murya. Ka ɗaga kai, ka riƙa kai dubanka dama da hagu da tsakiya. Kada ka manta da gefen mata. Sau da yawa mai magana yakan juya musu baya tun daga fari har ƙarshe, alhali su ne suka fi cika alkawarin zubi.

Yadda ake faɗin lamba

Nan ne ma'ajin da muka ambata ya faɗi. Ido yana iya riƙe lambobi 20 a takarda, kunne kuwa ba ya riƙe fiye da kaɗan. Saboda haka rahoton kuɗi a baki amsa ce ga tambaya huɗu: nawa muka tarar, nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage. A rubuta waɗannan huɗu a allo da manyan lambobi kafin a fara. Sauran filla-filla suna cikin littafi, littafin kuwa a ajiye shi a buɗe a kan tebur.

A yi amfani da ma'aunin da mutane suka saba, buhu da tiya da mudu. In malamin gona ya ce kilo 100 na taki, kai ka ce buhu 2, tun da buhun takin zamani kilo 50 ne. In ya ce hekta ɗaya, ka ce wajen eka biyu da rabi, ko ka kwatanta da gonar da kowa ya sani. In ya ce kashi 20 cikin 100, ka ce cikin kowane mutum biyar, ɗaya.

A ce ƙungiya tana da mutum 30, an ba kowa bashin taki buhu 2. Ga yadda ma'aji zai iya faɗi:

"Shugaba, iyayenmu, 'yan'uwa, ina gaishe ku. Zan faɗi abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage. Da damina mun raba taki buhu 60 ga mutum 30. Mutum 24 sun biya duka. Saura mutum 6, watau kuɗin buhu 12 suna waje. In kuɗin nan ba su dawo kafin watan Maris ba, takin da za mu saya bana zai ragu da buhu 12, kuma kowa zai ji a jikinsa. Ga littafi nan a buɗe. Duk mai so ya zo mu duba tare bayan taro."

Ku lura bai kira sunan kowa ba. Wanda aka kunyata a bainar jama'a yakan bar ƙungiya da bashin gaba ɗaya. A bi shi gida da dattijo ɗaya ko biyu. Sai in wannan ya gagara sa'an nan a kawo shi gaban taro bisa ga dokar ƙungiya.

Gani ya kori ji

In za ka iya kawo abin da kake magana a kai, ka kawo shi. Zangarniyar dawa biyu, ɗaya daga inda aka zuba takin gida, ɗaya daga inda ba a zuba ba, sun fi dogon bayani.

Mutane da yawa sun san buhun nan mai ninki uku na ajiyar wake, wanda ake kira PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowane ninki tam, iska ba ta shiga, ƙwari kuwa sai su mutu ba tare da an zuba magani ba. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka fito da dabarar, aka fara yaɗa ta sosai a ƙasashenmu daga 2007. Masu yaɗa ta ba su tsaya ga jawabi ba. Sukan je ƙauye, manoma su kawo wakensu, a ɗaure a gaban kowa. Bayan wasu watanni a sake taruwa a kwance buhu a gaban kowa. Waken da ya fito ba huji shi ya gama maganar.

Haka kuma aka yi da sassaben zamani a jihar Maraɗi ta Nijar. A 1983 wani ma'aikacin gona na mishan, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara a gonaki toho ne daga kututturen itatuwa masu rai a ƙasa. In an bar reshe kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, itace zai tashi da sauri fiye da dashe. Da farko mutane sun yi dariya, gama an saba cewa manomin kirki gonarsa fes take. Lokacin yunwar 1984 mutane da yawa sun bar itatuwa domin ana ba da abinci a kan aikin, da aka daina kuma da yawa suka sare. Amma waɗanda suka bar nasu suka sami itacen wuta da abincin dabbobi, iska kuma ta rage binne musu shuka. Maƙwabta suka gani, suka tambaya, manomi ya gaya wa manomi. Masu bincike sun kiyasta cewa daga baya dabarar ta kai hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In kana so a karɓi sabon abu, ka sa wanda ya gwada ya miƙe ya faɗa da bakinsa, ko ma a ɗaga taron a kai shi gonarsa.

In akwai tafinta

A ƙungiyoyinmu da yawa ba harshe ɗaya ake ji ba. Ana magana da Hausa, wani yana juyawa zuwa harshen gari domin tsofaffi. In haka ne, minti 5 naka sun zama 10, sai ka rage kayanka. Ka faɗi magana ɗaya cikakkiya, ka tsaya ya juya, sa'an nan ka ci gaba. Ka zauna da tafinta kafin taro ka gaya masa lambobi da kalmomi masu wuya. Ka rage karin magana, domin wani in an juya shi ba ya ba da ma'ana. Kuma ka dubi jama'a, kada ka dubi tafinta. Turanci kuwa, in ba dole ba, a bar shi. Wanda ke yayyafa Turanci domin a san ya yi makaranta yakan burge mutum biyu ya rasa hamsin.

Tambaya da gardama

In an yi maka tambaya, alama ce an saurare ka. Ka bari mai tambaya ya gama. Ka maimaita tambayar da ƙarfi domin na baya su ji, wannan kuma zai ba ka lokacin tunani. In ba ka san amsa ba ka ce, "Ban sani ba, amma zan tambayi malamin gona in kawo amsa taro mai zuwa." Sa'an nan ka cika alkawari. Kada ka ƙaga amsa domin gudun kunya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kuskure a kan yawan maganin feshi yana iya kashe gona ko ya cuci mutum.

Wani zai tashi da zafi, har ya taɓa mutuncinka. In ya ɗaga murya, kai ka sauke taka. Ka amsa batun, ka bar zagin ya faɗi ƙasa. In akwai gaskiya cikin maganarsa ka ce, "Nan kam ka yi gaskiya, baba." Wannan ba ya rage ka da kome, jama'a ma sai su ƙara yarda da sauran maganarka. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, kuma gobe da mutumin nan za ku haɗu a gayya.

A gaban hakimi ko ma'aikatan hukuma

Wani lokaci ƙungiya takan aiki wakilai su kai kuka, a kan hanya, ko gada, ko burtali. Ku shirya tun daga gida wanda zai yi magana, mutum ɗaya, sauran su tsaya a bayansa. In uku suka yi ta katse juna, an ga rauninku. A yi gaisuwa yadda ta kamata, "Ranka ya daɗe," a bi al'adar wurin. Sa'an nan a faɗi ko ku su wane ne, ku nawa ne, me ya faru, me kuka riga kuka yi da kanku, me kuke roƙo. Roƙo ɗaya, ba bakwai ba. Wanda ya ce, "Mun tara yashi da duwatsu, mun kuma yarda mu yi aikin da hannunmu, siminti kaɗai ya gagare mu," ya fi samun kunne da wanda ya zo da kuka kawai. Ku bar takarda mai ɗauke da roƙon, ku riƙe kwafi. Kafin ku tashi ku tambaya cikin ladabi ranar da za ku dawo jin amsa.

Saukar da kaya

Mutane da yawa sun iya tashi, ba su iya sauka ba. Za ka ji mutum ya ce "daga ƙarshe" sau huɗu. In ka ce daga ƙarshe, to ya zama ƙarshe. Ka maimaita abu ɗayan nan da ka zo da shi, ka faɗi wanda zai yi, da ranar da za a yi. "Ina roƙo kowa ya kawo nasa ga ma'aji kafin kasuwa biyu. Na gode." Ka zauna.

Aiki domin taronku mai zuwa

Karatu kaɗai ba ya koya wa mutum iyo. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta ware minti 15 a ƙarshen taron wata. A zaɓi mutum 3, a tabbata akwai mace da matashi a ciki, musamman waɗanda ba a taɓa jin muryarsu ba. A gaya musu tun wata guda kafin lokaci. Kowa ya yi minti 3 a kan abin da ya sani sarai, kamar yadda take ajiye iri, ko yadda yake kiwon kaji, ko abin da ya koya daga daminar bana. In ya gama, shugaba ya tambayi jama'a abu biyu kawai: me muka ji, kuma wane abu ɗaya zai gyara nan gaba? Ba dariya, ba ba'a. Ma'aji da magatakarda kuma su gwada rahotonsu a gaban 'yan kwamiti mako guda kafin taron shekara, 'yan kwamiti su yi musu tambayoyin da suka san jama'a za su yi.

Ma'ajin nan da muka fara da labarinsa haka ya yi kafin taron da ya biyo baya. Ya rubuta lambobinsa huɗu a allo, ya ajiye littafi a buɗe. Muryarsa ta ɗan yi rawa da farko, amma da dattijon nan ya sake tambayar nawa ya rage, ya amsa ba tare da duban takarda ba. Wasu daga cikin waɗanda suka janye sun komo, wasu har yanzu suna jira su gani.

Ku gwada wannan wata uku, ku rubuto mana yadda ta kaya a ƙungiyarku, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.